Mace ta Goma Sha Huɗu

SHAFI NA 11

Masu ƙorafin shafin jiya ya yi gajere, ku ajiye tsintsiya ku zauna.

*

Maganar da ta cika unguwar Narayi tun ranar da matan Zumuntar coci suka dawo daga ziyarar ibada ita ce, wai Phoebe mai ɗinki ta yi yunƙurin gudu a ƙasar Jodan.

Wai ranar da aka hutar da su daga zagayen wurare masu tsarki, aka kai su kasuwa kowa ta yi tsarabarta, Phoebe ta biyo bas ta dawo otal tare da kowa. Daga nan ta kwance zanen Zumunta don kada a gane ta, ta cusa shi a leda, ta sulale. 'Yan sandan ƙasar ne suka tsince ta tana gararamba cikin wando, ba fasfo, ba wayar kira. Washegari suka maido ta.

A bakin famfo an ce aikatau ta samu a gidan wani Balarabe. A wurin kitso an ce ba aikatau ba ne, aure ne. Kafin labarin ya kai unguwar Romi, Balaraben ya yi gemu, ya yi motoci uku.

A Romi ɗin ne labarin ya tarar da Mama Celina.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki tana shugabar makaranta, shi ya sa har yau rabin unguwa Mama Tica suke ce mata. Ta ji "ai kowa ya sani" ya fi sau dubu, kuma duk lokacin da ta ce wanda ya gani da idonsa ya ɗaga hannu, aji yakan yi tsit. Ita ba ta je ziyarar ba. Ta ce wa kowa gwiwa ce ta hana ta.

Yau Asabar. Ƙarfe huɗu dattawan coci za su zauna. In suka sa hannu, gobe a tsakiyar sujada za a karanta sunan Phoebe: horon wata shida, ta maido zanen Zumunta, ta koma bencin baya. Saura mako uku auren 'yarta Lizzy. Uban yarinyar ya rasu, kuma uwar da ke cikin horo ba ta tsayawa gaban jama'a ta miƙa 'yarta.

Mama Celina ta ɗauki sandarta, ta goge tabarau, ta tare keken haya zuwa Sabon Tasha.

*

Shagon Phoebe a buɗe yake, amma keken ɗinkin a lulluɓe da tsumma.

"Salama."

"Mama Tica? Da kanki? Ai da kin aiko na zo."

"Da na aiko da kin ce ba kya nan. Ba ni kujera."

Ta zauna, ta dafa sandar da hannu biyu, ta dubi Phoebe ta saman tabarau. Matar ta rame, idanun sun faɗa.

"Kin gudu?"

"A'a, Mama."

"Kin yi niyya?"

"In gudu in bar wa wa Lizzy? Ga rigar aurenta can a rataye, ko hannuwan ban haɗa ba."

"To yaya aka yi?"

"Bas ce ta tashi ta bar ni a kasuwa. Na faɗa a otal, na faɗa a filin jirgi, na faɗa wa Rabaran. Madam Becky ta ce ƙarya nake, ita da kanta ta ƙirga mu kafin direba ya tayar da mota, mun cika goma sha huɗu cif."

Madam Becky ita ce shugabar Zumunta, ita ta jagoranci tafiyar, kuma ba a taɓa jin ta ce "na yi kuskure" ba tun da aka zaɓe ta.

"Fasfo ɗinki fa?"

"Na kowa yana jakar Madam Becky, dokar tafiyar ce. Wayata kuma ba ta da layin can. Na yi ta yawo ina neman otal, sunan ma ban riƙe ba, ban taɓa zaton zan buƙace shi ba."

"Mai shirin gudu ta bar fasfo a jakar wata." Mama Celina ta yi tsaki. "Ba wanda ya yi wannan tunanin?"

"Sun ce masu gudu yar da shi suke yi dama."

"Sun ce. To zanen fa? Me ya sa kika kwance shi?"

Phoebe ta sunkuyar da kai.

"Phoebe."

"Mama, wannan ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki faɗa ba?"

"Duk wanda kika zaɓa."

A kan teburin yanka akwai zane a ninke, an goge shi tas, an shirya shi don mayarwa gobe. Shuɗi ne mai tambarin Zumunta, irin wanda duk matan ɗarikarsu suke ɗaurawa, daga nan har Filato, har Gombe. Mama Celina ta tuna wani abu. Kafin tafiyar, Phoebe ce ta karɓi zannuwa goma sha huɗun ta ɗinka sunan kowa da jan zare a cikin bakin zanen, saboda kada su cakuɗe a wurin wanki na otal.

Ta miƙa hannu ta jawo shi.

"Mama, bar shi!"

Ta riga ta juya bakin. Ta matso da shi kusa da tabarau.

RIFKATU.

Rifkatu ɗaya ce ta je ziyarar. Kaka Rifkatu, mai shekara tamanin da uku, mahaifiyar Rabaran Benson, wanda yau da ƙarfe huɗu shi ne zai riƙe alƙalami.

Phoebe ta zube a gwiwa.

"Mama, na roƙe ki da sunan Yesu. Na yi mata alkawari."

"Alkawarin me?"

"In na faɗa ai na karya shi."

"Tashi. Ƙasa ba ta saba da gwiwar mai gaskiya ba, za ta ji miki ciwo." Ta cusa zanen a jakarta. "Ke kika yi alkawari. Ni ban yi ba. Ki yi wanka ki ci abinci, ƙarfe huɗu in same ki a coci. Kuma ki buɗe keken nan, hannuwan riga ba sa haɗa kansu."

*

Shagon Obiageli bai fi tafiyar minti biyar ba, amma Mama Celina ta yi goma. Obiageli ta shekara talatin a Kaduna tana sayar da kayan masarufi, ta auri mutumin Kaciya, kuma a Zumunta an san ta da abu ɗaya: ko tari ka yi sai ta ɗauka a waya.

"Mama Tica! Chineke! Yau rana daga ina ta fito? Zauna, zauna. Kin zo karɓar tsarabarki? Na kawo miki ruwan Kogin Urdun, amma rabi ya zube a jakata, ya jiƙa dabino, dabinon ya zama kunu."

"Ki riƙe kununki. Ba ni labarin ranar kasuwa."

"Ranar nan? Mama, ranar nan Shaiɗan ya sayi tikiti ya biyo mu. Tun da safe sanyi kamar an sa mutum a firji, kowa ta sa wando a ƙarƙashin zane, har matar Dattijo Monday, wadda take cewa wando na 'yan wuta ne. Muka shiga kasuwa, matar Sam ta tsaya ciniki da Hausa, tana ƙara murya, wai in ta yi ihu mai shagon zai gane. Mutumin ya ɗauka faɗa ne, ya kira ƙannensa. Ni kuma na ga wani farin abu a buhu na ɗauka gari ne, na ɗanɗana, ashe gishirin wanka ne. Kwana biyu harshena bai dawo ba."

"Abinci fa? Me kuka ci?"

"Kada ki tuna mini! Shinkafa da naman rago, an kwarara masa wani kindirmo mai tsami da zafinsa. Wa ke dafa nono, Mama? Ni cokali biyu na yi na ajiye. Kaka kuwa ta share faranti, ta ce ya tuna mata da ƙauye."

Mama Celina ta maimaita a hankali.

"Kaka ta share faranti."

"Har ta sa hannu a nawa."

"Wa ke kula da ita a tafiyar?"

"Phoebe mana. Ɗakinsu ma kusa da juna." Obiageli ta rage murya. "Shi ya sa abin ya ba ni mamaki. Amma Mama, an ƙirga mu fa. Ina gani."

"Yaya aka ƙirga ku?"

"Kamar kullum. Madam Becky ta bi tsakiyar bas tana taɓa gwiwar kowa, ɗaya, biyu, uku."

"Ta kira suna?"

"Suna kuma? Ana wannan sanyin? Kowa ta ƙudundune da mayafi da hular sanyi, ido kawai. Zane take dubawa. In ta ga shuɗi ta taɓa ta wuce."

"Kin ɗauka a waya?"

Obiageli ta dafe ƙirji kamar an zage ta.

"Ni? Mama, har atishawar direba ina da ita."

Ta lalubo hoton mai motsi. Ga bas, ga ledojin tsaraba a ko'ina, ga Madam Becky tana tafe tana taɓa gwiwoyi. Da ta kai ƙarshe ta juyo ta ɗaga hannu, "Mun cika! Direba, mu tafi!" Matan suka kama waƙar godiya, wayar tana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya.

"Mayar da shi farko. Duk inda na ce tsaya, ki tsaya, ki faɗa mini suna."

Mama Celina ta zaro biro da tsohuwar takardar shelar coci daga jaka, ta juya bayanta. Obiageli tana faɗa, tana rubutawa. Matar Monday. Matar Sam. Chisom. Kaka Rifkatu a kujerar gaba, ta haɗe gwiwoyi, tana kallon taga, ba ta waƙa.

Goma sha biyu. Da mai riƙe da waya, goma sha uku.

"Saura ɗaya. Waccan ta can baya, jikin taga."

"Ai Phoebe ce."

"Kin ga fuskarta?"

"Ta rufe da mayafi."

"To ki bari ya ci gaba."

Bas ta faɗa wani rami, kowa ya yi tsalle, aka yi ihu da dariya. Mayafin ta bayan ya zame. Obiageli ta danna ta tsayar, ta buɗe hoton da yatsu biyu.

Farar mace ce mai wushirya, da tabarau mai jan kewaye.

"Jesus!" Obiageli ta miƙe tsaye. "Wace ce wannan?"

"Ni kike tambaya? Ni da nake Romi?"

"Tsaya, tsaya... Na san ta! 'Yan Jos ne! Akwai wata Zumunta daga Jos a otal ɗinmu, hawa na uku, zanenmu iri ɗaya. Su ma an kai su kasuwa ranar. Bas ɗinsu fara, tamu fara." Ta ɗora hannu biyu a ka. "Ta shiga tamu, ta sauka a ƙofar otal, ta haye ɗakinta abinta. Wayyo Phoebe! Mama, ni ma na faɗa wa mutane ta gudu. Na faɗa wa mai kawo mini ƙwai!"

"Za ki bi shi ki karɓo maganarki. Amma tukuna, ki sa wayar nan a caji. Ƙarfe huɗu."

"Dattawa ba sa barin mata su shiga zamansu sai an kira su."

"Rabin dattawan nan ni na koya musu rubuta sunansu. Ki zo kawai."

*

Gidan Rabaran yana cikin harabar coci a Narayi. Ƙarfe uku saura kaɗan Mama Celina ta tarar da gidan shiru, Rabaran yana ofis, matarsa ta tafi gaisuwar rasuwa. Kaka Rifkatu tana bayan gida a inuwar mangwaro tana ɓarar gyaɗa.

"Sannu da hutawa, Kaka."

"Celina. Gwiwar ta bar ki kin fito?"

"Ta bar ni yau."

Ta zauna a kan turmi da aka kife, ta buɗe jaka, ta ajiye zanen a kan tabarma, ta juya bakinsa sama.

Hannun Kaka ya tsaya a cikin gyaɗa.

"Ita ta ba ki?"

"Ƙwacewa na yi. Ta durƙusa tana roƙona in bar shi. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba."

"To ki bar shi."

"Kaka, gobe za a karanta sunanta."

"Wata shida ne. Zai wuce."

"Auren Lizzy mako uku ne."

Kaka ta watsar da ɓawon da ke hannunta.

"Ke Celina, kin yi boko, kin iya magana. Amma faɗa mini, cikinki ya taɓa tsinkewa a tsakiyar kasuwar Larabawa? Kina tsaye, da zanen Ubangiji a jikinki, abu yana bin ƙafarki har cikin takalmi? Ni da na haifi Rabaran? Ni da in na shigo coci ake miƙewa?"

Kaka ta ci gaba.

"Yarinyar nan ta ja ni bayan wani shago inda akwai ban ɗaki. Ta wanke ni kamar jaririya. Ta kwance nata ta ɗaura mini, ta kai ni har ƙofar bas. Na ce ta jefa nawa a shara. Ta ce zane mai tambarin Zumunta ba ya shiga shara, bari ta koma ta ɗauraye shi, minti biyar. Na riƙe hannunta na ce ta rantse ba mai ji. Ta rantse."

"Da Becky ta ce an cika fa?"

"Na ɗauka ta ƙofar baya ta shigo. Ban juya ba. Tsoro nake in motsa wani ya ji wari." Ta share ido da bayan hannu. "Sai wajen cin abincin yamma aka ga ba ta. Na buɗe baki, Celina, Allah ya sani na buɗe. Sai na ga idanun mutum goma sha biyu a kaina. Na rufe. Washegari ya fi wuya. Yau ya fi jiya wuya."

"Gobe zai fi yau."

"Tsufa yana da sutura. Ba a tone babba. Haka aka tashe mu, ke ma haka aka tashe ki."

"Haka aka tashe ni. Amma ban taɓa jin an ce a tuɓe wa yarinya a rufa wa babba har abada ba. Aron minti biyar ta ba ki, Kaka. Kin riƙe kwana goma sha tara."

"Fita daga gidan ɗana."

Mama Celina ba ta motsa ba. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta sake buɗe jakarta, ta ciro wani abu fari mai laushi, a ninke cikin baƙar leda, ta ajiye shi kusa da zanen.

Kaka ta ƙura masa ido.

"Menene wannan?"

"Kin san ko menene. Irin na jarirai ne, amma na manya. Shekara uku ke nan ba na fita sai da shi a jikina, da wani a jaka. Fitsari ba ya yi mini sallama." Ta buga gwiwarta da tafin hannu. "Wannan lafiyarta ƙalau. Sandar ma ado ce, don a daina tambayata me ya sa ba na zuwa taron kwana. Na so zuwa ziyarar nan fiye da kowa. Na koyar da taswirar wurin shekara talatin ban taɓa taka shi ba. Na zauna na lissafa awa nawa ne a jirgi, awa nawa a bas, na ce wa Becky gwiwa."

Mama Celina ta ci gaba.

"Ke kin fi ni ƙarfin hali, kin je. Ko 'ya'yana ba su san wannan ba. Ke ce ta farko."

"Don me kika faɗa mini?"

"Don kada ki ce mai ƙoshin lafiya ce ta zo ta yi miki wa'azi." Ta mayar da abin cikin jaka, ta ɗauki zanen, ta miƙe. "Zan shiga wurinsu. Zan nuna musu cewa ƙirgar Becky ba daidai ba ce, wannan aikina ne. Maganar zane kuwa ba tawa ba ce. Ba zan faɗa ba, Phoebe ma ba za ta faɗa ba, kin san ta. In sun tambaya, shiru za su ji. Sai ɗanki ya sa hannu."

Ta juya ta tafi. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tuna ba ta dogara sandar ba.

*

Dattawa biyar ne a ofis, Rabaran Benson a kan tebur da takarda a gabansa. Madam Becky tana gefe da jakarta a cinya. Phoebe tana tsaye jikin bango.

Mama Celina ta turo ƙofa, Obiageli a bayanta ta riƙe waya da hannu biyu kamar farantin karɓar baikon coci.

Dattijo Monday ya yi gyaran murya.

"Mama, da girmamawa, wannan zama ne na..."

"Monday, har yanzu kana fara magana kafin ka ɗaga hannu? Matsa."

Ya matsa.

"Rabaran, minti biyar nake so. Becky, 'yata, ku nawa ne a bas ranar kasuwa?"

"Goma sha huɗu, Mama. Na faɗa, na sake faɗa. Ni ba na wasa da ƙirga."

"Na yarda. Kira mini sunayensu."

"Suna kuma? Ai kowa ya san waɗanda suka je."

"Ban ce waɗanda suka je ba. Waɗanda kika taɓa gwiwarsu."

Aka ajiye wayar a tsakiyar tebur. Kawuna suka haɗu. Waƙar godiya ta cika ofis, bas ta faɗa rami, mayafi ya zame. Obiageli ta tsayar.

"Rabaran, kai ka san tumakinka. Wannan taka ce?"

Rabaran ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ban taɓa ganinta ba."

"'Yar Jos ce," in ji Obiageli. "Hawa na uku. Na nemo lambar shugabarsu, in kuna so a kira yanzu. Ta ce matar har yau tana ba da labarin yadda ta shiga bas ɗin 'yan Kaduna suka yi mata waƙa kyauta."

Wani dattijo ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Madam Becky ta jawo wayar gabanta. Ta daɗe tana kallo. Jakar da ke cinyarta ta zame ƙasa, ba ta ɗauka ba.

"Zane na ƙirga," ta ce a hankali. Sai kuma ta ɗago, fuskarta ta yi tauri. "To na ji. An bar ta a kasuwa. Amma da tana inda aka ce kowa ta tsaya, da ba a bar ta ba. Ina ta je? Kuma me ya sa aka same ta da wando tsirara, zanen Zumunta a cukuikuye cikin leda? Wadda ba ta da niyyar komai, me zai sa ta kwance? Ta amsa wannan!"

Dattawa suka gyaɗa kai. Rabaran ya juya.

"'Yar'uwa Phoebe, tambayar tana kan hanya. Sau uku ina yi miki ita. Me ya sa kika kwance zanenki?"

Phoebe ta dubi ƙasa.

"Mama Tica, ke kin sani?"

"Na sani."

"To faɗa mana."

"Ba zan faɗa ba."

"Mama, in ba amsa, hannuna a ɗaure yake. Ba zan iya ce wa ikilisiya rabi ba."

Ya jira. Fanka tana juyawa. Obiageli tana kallon Mama Celina, Mama Celina tana kallon agogon bango. Rabaran ya yi ajiyar zuciya, ya cire murfin alƙalami, ya jawo takardar.

Ƙofa ta yi ƙara.

Kaka Rifkatu ce, ta ɗaura zanen Zumunta ranar da ba ta Zumunta ba. Dattawa suka miƙe gaba ɗaya.

"Mama, me ya faru? Muna cikin zama..."

"Zauna, Benson."

Ta tako a hankali har gaban tebur. Ta sunkuya da ƙyar, ta kamo bakin zanen da ke jikinta, ta juya shi, ta ɗora a kan takardar, daidai inda zai sa hannu.

"Karanta."

Ya duba jan zaren.

"Phoebe."

"Da ƙarfi. Monday ba ya ji sosai."

"Phoebe."

Kaka ta saki zanen, ta miƙe, ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya.

"Zawo ne ya kama ni a kasuwa, na ɓata zanena. Phoebe ta wanke ni, ta ɗaura mini nata, ta koma wanke nawa, bas ta tashi. Ni na sa ta rantse kada ta faɗa. Ba ta gudu ba."